Ya-isa Mai Tsayawa Bayan Mota

Idan ka shiga yadin kamfanin wutar lantarki ka tambayi mutumin nan da sunan da iyayensa suka raɗa masa, maigadi zai yi ta sosa ƙeya yana cewa anya kuwa a nan yake aiki. Amma ka ce Ya-isa kake nema, ko masinjan da aka ɗauka jiya zai nuna maka shi da baki: ga shi can bayan mota, hannu ɗaya a sama. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da muryar da ta fi ƙarfin jikinsa. Sunan kuwa a bakinsa aka tsince shi, don ita ce maganar da ya fi yi tun daga safe har a tashi aiki. Da farko a bayan idonsa direbobi ke faɗa, daga baya har manaja in zai kira shi sai ya ce a turo masa Ya-isa. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba, suna ya zauna daram.

Yadin nan wani fili ne a bayan babban ofis, kuma a nan ainihin aikin kamfanin yake. A ofis ana buga takardu ana shan iskar fanka, amma in wuta ta ɗauke a wata unguwa, daga yadi mota ke fita. Nan sito yake, nan ɗakin gyaran taransifoma, nan rumfar kanikawa, nan kuma aka jibge falwayoyi, wato dogayen turakun kankare da ake ɗaura wa wayar wuta. Wanda ya fara tsara wurin, ko dai bai taɓa riƙe sitiyari ba, ko kuma yana da ƙullalliya da direbobi. Ƙofa ɗaya ce tal, hanya ɗaya ce ta shiga ta je ta mutu a bakin sito. A yi masa adalci dai, a zamaninsa motocin kamfanin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Da gari ya bunƙasa sai aka yi ta dasa gini duk inda aka ga sarari, har ya zama babu inda babbar mota za ta juya. Duk wadda ta shiga da kai, da baya za ta fito, ta bi tsakanin bango da tarin waya, ta karya kwana a gindin falwayoyi, ga mutane na kai da kawo da kaya a ka. Da damina kuwa ruwa ya kwanta a tsakiya, taɓo ya kai idon sawu, kowa ya koma neman inda zai taka, ba mai duban bayansa.

A cikin wannan cakwakiya Baba Ya-isa ya yi rayuwarsa, kuma ya ji daɗinta.

A wurin mutanen ofis leburan sito ne, don a haka aka ɗauke shi, amma sito ya daɗe da haƙura da shi. Da zarar direba ya tada inji zai yi ribas, sai Baba ya zagaya motar tukuna, ya leƙa ƙarƙashinta, ya kori duk wanda ke kusa, ko da babba ne. Sannan ya koma baya ta ɓangaren direba, ya tsaya daidai inda zai hango fuskarsa a madubi. Dokarsa ke nan guda da yake nanata wa kowane sabon ma'aikaci: in ba ka ga idon direba a madubi ba, to shi ma bai gan ka ba. Sai ya ɗaga hannu ya fara.

"Zo! Zo! Sannu-sannu. Karya hagu. Ƙara. Kai, hagu na ce, ko an canza mata wuri ne yau? Miƙe. Zo, zo… Ya isa!"

Sai ka ji birki. In mota ta fita kwana lafiya ta daidaita kai ga ƙofa, ya kai wa bodinta tafin hannu, bam bam, alamar hanya ta buɗe. Akwai direbobin da in ba su ji bugun nan ba, sai su wuni kamar sun fito ba su karya ba. Da aka kawo sababbin motoci masu kuka tit-tit in suna ja da baya, wasu suka ce to ga magajin Baba ya iso. Ya saurari abin ya ce muryar dai babu laifi, amma a tambaye ta ko tana gani.

Cikin direbobin akwai wani sa'ansa mai jan doguwar motar falwaya, ana ce masa Sarkin Hon, don ko kaza ce ta gitta sai ya danna mata. Su biyun ba sa shiri kuma ba sa rabuwa. Sarkin Hon yakan ce shi tun kafin a ƙirƙiro madubi ya iya ribas, bai ga amfanin wani gajere yana yi masa ihu a baya ba. Baba Ya-isa yakan ce ƙwarai kuwa, shi ya sa har yau bangon ɗakin taransifoma yake ɗauke da fentin motarsa. Amma lokacin da zazzaɓi ya taɓa kwantar da Baba, Sarkin Hon bai yarda ya motsa mota ba sai da ya jera mutane a baya kamar masu jiran layi, kuma dukansu ya wanke su tas kafin ya fita kwana.

Mutum ɗaya ne tak bai taɓa kiransa da wannan suna ba, shi ne wansa.

Yaya ne ya kawo shi yadin tun yana saurayi. A lokacin Yaya mai hawa falwaya ne, irin wanda ake nunawa da yatsa, ya ɗale sama kafin a gama kafa tsani. Wata safiya naɗin waya ya zamo daga bayan mota, Yaya ya tsuguna yana gyara shi. Direba ya duba madubi bai ga kowa ba, ya saki birki ya yo baya. Ƙanin yana bakin sito da kwali a hannu, a kan idonsa aka yi. Tsaya ya kamata ya ce, kowa ya san haka ake cewa, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne "Ya isa! Ya isa!" da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Direban ya ji ya taka birki. Allah ya tsare rai, sai dai taya ta riga ta hau ƙafar hagu.

Yaya ya tashi, amma shi da hawa falwaya har abada. Ya koyi gyaran fanka da rediyo, ya buɗe ɗan shago a ƙofar gidansa, ya yi sanda, ya haifi 'ya'ya ya aurar. Bai taɓa zagin direban ba, bai taɓa zagin kamfani ba, amma bai sake taka yadin ba, ko titin wurin ba ya bi. Shi kuwa ƙanin, ranar da ya koma aiki, motar farko da ta sa ribas sai aka gan shi a bayanta hannu a sama. Ba wanda ya sa shi, kuma duk wanda ya dubi fuskarsa a ranar bai iya hana shi ba. Tun daga nan taya ba ta sake hawa kowa a yadin ba. Yaya dai har gobe "kai yaro" yake ce masa, ko da a gaban jikoki ne.

A gida matarsa takan ce ita ba miji ta samu ba, ɗan sandan hanya ta samu. In za a matsar da gado ba ya kamawa, sai ya koma gefe ya ɗaga hannu. In tana zuba masa shayi, zo, zo, zo za ta yi ta ji har kofi ya cika. 'Yarsu ta fari da ta koyi tuƙi ta rantse ba za ta sake yin ribas a gaban babanta ba, gara ta zagaya unguwa. Da yamma yakan dawo a kan kekensa murya a dushe, ya jingina shi a zaure, ya zauna a benci ya miƙe ƙafa. Matar ta kawo masa ruwa ta ce ya aiki. Ya ce yau ma kowa ya koma gida da ƙafafunsa. Iyakar hirar aikin da yake yi ke nan, kuma ta ishe shi, ita ma ta ishe ta.

Ana nan sai maganar gyaran yadi ta taso. An daɗe ana jin ta har ta koma abin dariya, in wani ya yi alkawarin da ba a yarda da shi ba sai a ce masa to, sai ranar gyaran yadi. Wannan karon kuwa sai ga mutane da hular kwano suna auna ƙasa, suna kafa 'yan sanduna masu jan ƙyalle. Shugabarsu wata injiniya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, ba ta da yawan magana, amma akwai tambaya. Kafin a sari ƙasa, ta yi kwanaki tana zama a kan wani tsohon naɗin kebur tana kallon yadda motoci ke shiga da fita. Ran nan ta miƙe tana waya, ta gitta ta bayan mota, Baba ya daka mata tsawar da ta sa wayar ta kusa faɗuwa. Da mota ta wuce ta zo ta ce masa ya kyauta. Daga nan suka saba, yana ce mata 'yata, tana ce masa Baba.

Sai aiki ya kankama. Katafila ta shigo ta kwashe taɓon shekara da shekaru, aka haƙa magudanan ruwa gefe da gefe, aka binne kwalbatoci, tifofi suka yi ta juye tsakuwa da yashi. Aka fasa bangon baya don a yi ƙofa ta biyu. Aka zuba wa taransifomomi dakalin kankare mai tudu don kada ruwa ya sake taɓa su. Kamfani kuma bai tsaya ba, tunda ba a ce wa gari ya zauna a duhu ana gyara. Motocin gida da na 'yan kwangila suka haɗu a fili ɗaya, kowace da baya take tafiya. Baba Ya-isa bai taɓa samun kasuwa irin wannan ba. Aka ba shi riga mai ƙyalli da sabuwar hular kwano, har direbobin tifa da ba su san shi ba suka koma leƙo kai suna nemansa. Matarsa ta ce ƙuruciya ta dawo masa, sai dai muryar ce ta koma ta kwaɗo.

Wata rana da hantsi ana shan shayi a gindin rumfar kanikawa, Baba ya tambayi Injiniya wai shin wannan hanya da ake zubawa ina ta dosa. Ta ɗauki tsinke ta tsuguna ta zana masa a ƙasa.

"Ka ga nan, Baba? Mota ta shigo ta tsohuwar ƙofa, ta bi gefen sito, ta wuce wurin falwaya, ta zagaya ta bayan rumfar nan, ta fita ta sabuwa. Kowa fuska ɗaya zai yi. Masu tafiya a ƙasa kuma ga tasu hanyar daban, da shingen ƙarfe a tsakani."

"To a ina za ta yi ribas?"

"Ba za ta yi ba. Don haka aka kawo ni."

Ya daɗe yana kallon zanen. Abu biyu suka zo masa lokaci guda. Ya ji daɗi, daɗi na gaske, har idonsa ya yi zafi. Ya kuma ji kamar an zare masa benci yana zaune. Sarkin Hon da ke gefe ya ce, "Shi ke nan, mun huta da ihu." Ba wanda ya yi dariya.

Ba a daɗe ba Manaja ya aika a kira Baba. Mutumin kirki ne, ya ba shi kujera, ya tambayi iyali, sannan ya shiga magana.

"Baba, in an gama aikin nan za ka koma ƙaramin sitonmu na reshe. Ga inuwa, ga kujera, ba rana ba ruwa. Ɗan abin da ya rage maka ka yi shi a zaune, ka sha wahala da yawa."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ya san siton reshen. Wani ɗaki ne mai shiru, cike da mitoci da ƙwayayen fitila, mutum ɗaya da agogon bango. Ba ƙarar inji, ba Sarkin Hon, ba wanda zai leƙo kai ya neme shi. Baba bai yi wa kansa ƙarya ba, ba ya son zuwa. A yadin nan ya shigo da baƙin gashi, a nan yake so ya ajiye hula ranar da za a sallame shi.

Sai kwanar falwaya ta kawo cikas. Da aka zo faɗaɗa ta yadda doguwar mota za ta wuce da kai, katafila ta ci karo da dutse a ƙasa, shimfiɗaɗɗe, wanda sai an yi makonni ana fasawa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ɗan kwangila ya kawo shawara: a rage faɗin hanya a wurin, ƙananan motoci su wuce abinsu, doguwar motar falwaya kaɗai ta riƙa shiga da baya ta ɗauki kaya kamar da. Ai ba kullum take fita ba, kuma ƙa'ida ta yarda muddin akwai mai tsaya mata. Manaja ya so shawarar, don ta warware masa abu biyu, aiki ya ƙare kafin ruwa, Baba kuma ya zauna a yadinsa. Injiniya ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta ji daga bakin wanda zai tsaya.

Ta same shi a bakin ramin yana kallon dutsen.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. In ka ce za ka iya riƙe kwanar nan, za a bar ta, kai ma a bar ka a nan. In ka ce a'a, zan koma in kafe sai an fasa dutsen, sauran kuma ka sani. Ni na san abin da nake so, amma ba ni ke tsayawa bayan motar ba."

"Riƙewa kam zan iya, 'yata. Tun ba a haife ki ba nake riƙe da ita."

"Na sani. Ka je ka yi tunani."

Da ya gaya wa matarsa, ba ta ko ɗago daga wankin da take yi ba. "Ka ce musu e mana, Malam. Kai da na sani, in aka kai ka ɗakin nan mitoci za ka koma yi wa ihu." Sai ta ɗago ta dube shi, ta ga ba wasa a fuskarsa. Ta matse rigar da ke hannunta ta ce, "Je ka gai da Yaya. Ka kwana biyu ba ka leƙa shi ba."

Ya tarar da Yaya a shago da la'asar, ya buɗe cikin wata tsohuwar fanka, ɗan noti a bakinsa.

"Kai yaro, me ya same ka kamar wanda aka ƙwace wa keke?"

Ya zauna ya kwashe labarin duka ya gaya masa, da dutsen, da siton reshe, da maganar Injiniya. Yaya yana ji yana ɗaure waya.

"To ni me kake so in ce? Ni fanka na sani."

"Shawara nake nema, Yaya."

"Riƙe mini nan."

Ya riƙe. Notin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin benci. Baba ya yunƙura zai ɗauko, Yaya ya ce bari. Ya jingina sanda, ya tura gurguwar ƙafar gefe da hannunsa, ya dafa ƙasa, ya sauka a hankali yana nishi. Wannan shi ne mutumin da yake ɗalewa sama kafin a kafa tsani. Yana nan a duƙe sai maƙwabci ya tada mota a bayan shagon. Akwai bango tsakaninsu, bango mai kauri, amma Yaya ya daskare, kafaɗunsa suka ɗage, ya waiwaya da sauri. Da ya ga bango ne kawai sai ya ci gaba da lalube.

"Yaya, har yanzu?"

"Har yanzu me? Wuyana ne ya sage. Ungo, ɗaura wannan, idonka ya fi nawa."

Baba ya ɗaura notin. Sai a ranar ya lura cewa duk inda Yaya zai zauna, bayansa na jingine da bango. Shekara da shekaru yana ganin haka, yana ɗauka don ya huta ne. Tausayin wansa ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun suna asibiti. Suka jona fankar ta tashi, suka zauna tana hura su, ba wanda ya sake tada maganar.

Washegari da safe ya sami Injiniya da Manaja tare a bakin ramin. Ya gaishe su, ya cire hula.

"A fasa dutsen."

Manaja ya dube shi. "Baba, ka gane abin da ake nufi kuwa?"

"Na gane, ranka ya daɗe. Kwanar nan zan iya riƙe ta, ban yi wa 'yata ƙarya ba. Amma ni mutum ne. Ina zazzaɓi, ina makara, ina zagayawa bayan gida. Nan gaba kaɗan ma ku sallame ni in koma wa jikoki. Ita kuwa kwana ba ta zazzaɓi, kullum tana nan. Ranar da ba na kusa, wani zai tsuguna ya ɗaure takalmi."

Manaja ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Injiniya ta cire hularta ta mayar, ta tafi neman ɗan kwangila. Da labari ya kai wa Sarkin Hon, ya taso har inda Baba yake.

"Kai dai gajere ba ka da wayo. A miƙo maka ka ture?"

"Kai na tausaya wa. Na ga bangon nan saura kaɗan ka ƙarasa shi."

"Allah ya shirye ka," in ji Sarkin Hon, ya juya da sauri yana share fuska, wai ƙura ce.

Aka kawo injin fasa dutse, ya yi ta rarraka kunnen jama'a. Ruwan farko ya riske su ba su gama ba, Manaja ya yi 'yan ƙorafe-ƙorafensa, amma aka gama. Baba ya tsaya wa kowace tifa da ta kwashe ɓaraguzan, yana sane da cewa da bakinsa yake fitar da kansa, kuma abin mamaki zuciyarsa wasai. Ya ma je ya duba siton reshe, ya tarar ashe ba shi da nisa da shagon Yaya, ana iya zuwa a ƙasa a sha shayin hantsi a dawo. Aka zuba kwalta, aka ja layukan fenti, aka kafa shingen ƙarfe da dogayen fitilu. Ranar da aka tafka ruwa mai ƙarfi, ma'aikata suka jeru a bakin sito suna kallon yadda yake gudu yana shigewa magudana. Da ya ɗauke, kowa ya tsallaka yadi da takalminsa fes, wasu har da komawa su sake tsallakawa don daɗi.

Ranar da za a buɗe sabuwar ƙofa ita ce ranarsa ta ƙarshe a yadin. Da sassafe ya ɗauki tasi ya tsaya a ƙofar shagon Yaya.

"Yaya, zo ka raka ni."

"Ina?"

"Yadi."

Yaya ya dube shi. Sannan ya shiga gida, ya fito da rigarsa mai kyau, ya kulle shago.

A bakin tsohuwar ƙofa Yaya ya ja ya tsaya. Maigadi bai san shi ba, Baba ya ce wana ne, tun kafin ka zo ya yi aiki a nan. Suka hau hanyar masu tafiya a ƙasa, shingen ƙarfe a hannun hagunsu. Direbobi suka fara tada inji ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ga kafaɗun Yaya sun ɗage. Mota ta farko ta motsa, da kai ta tafi. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka, suna bin juna suna zagayawa. A hankali kafaɗun suka sauka. Yaya ya ci gaba da tafiya, sandarsa na ƙwanƙwasa sabon kankare, ya wuce ɗakin taransifoma, ya wuce bakin sito inda abin ya faru, bai waiwaya ba.

A kwanar falwaya suka tsaya. Sai ga Sarkin Hon da doguwar motarsa maƙare da kaya, ya danna hon ba gaira ba dalili, ya zo daidai da su ya taka birki. Hanya a buɗe take fetal a gabansa, amma ya ƙi tafiya. Ya leƙo kai.

"To gajere, sai yaushe? Ko a nan zan wuni?"

Baba ya miƙa hannu ta saman shingen ya kai wa bodin motar, bam bam. Sarkin Hon ya ɗaga wa Yaya hannu, ya saki birki. Doguwar mota ta shiga kwanar da kai, ta bi ta inda dutsen yake a da, ba ta nemi kowa ba. Baba yana kallon tayoyin baya, bai san lokacin da hannunsa ya ɗaga sama ba, bakinsa har ya buɗe.

Yaya ya jingina sandarsa da shingen, ya kama wuyan hannun ƙaninsa, ya sauke shi a hankali.

"Ya isa," ya ce.

Baba bai san ko kiransa Yaya ya yi ba, ko gaya masa yake yi. Bai tambaya ba. Ya bar hannunsa cikin na wansa, suka tsaya suna kallon motar har ta fita ta sabuwar ƙofa.